Ma'aikacin da ya fara yawan kuskure: hali ne ko ƙwaƙwalwa ce ta gaji?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da ta shafi duk mai mutane a ƙarƙashinsa. Za ka ga ma'aikaci an san shi da ƙwazo shekara da shekaru, sai a wayi gari ya fara mantuwa, lissafi yana kuɓuce masa, aikin awa ɗaya ya koma na yini, magana kaɗan ya hau sama. Abin da aka saba shi ne a ba shi takardar tuhuma, a ɓata masa rahoton ƙarshen shekara, ƙarin girma ya wuce shi. A irin wannan, nawa ne hali, nawa ne lafiyar ƙwaƙwalwa? Me ya kamata a duba, bi da bi, kafin a yanke wa mutum hukunci? Likitoci da masu kula da lafiyar ma'aikata, a taimaka mana dalla-dalla.

Dakta Zainab:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Abin lura a bayaninka shi ne mutumin ya iya a da. Wanda tun fil azal ba ya mai da hankali, maganarsa daban. Amma wanda ya iya sannan ya fara zamewa, sai an tabbatar lafiyarsa ƙalau kafin a ɗora wa hali.

Nauyin ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, kuma ba ta ajiye na gobe. Abin da jini ya kawo mata yanzu na suga da oksijin, da shi take aiki yanzu. Sashen da ke bayan goshi shi ke riƙe lamba a kai kafin a rubuta ta, shi ke jera aiki daga farko zuwa ƙarshe, shi ke danne harshe idan rai ya ɓaci, shi ne kuma yake ankarar da mutum cewa ya yi kuskure. Wannan sashe ne yake fara jin jiki. Shi ya sa mutum ba ya manta sana'arsa, sai dai ya tura wasiƙa babu takardar da ya ce ya haɗa, ya karanta sakin layi sau uku bai shiga ba, ya mayar wa abokin aiki da baƙar magana.

Da za a bi tawa, a fara da barci, sai awon hawan jini da suga, sai gwajin jini, sai magungunan da yake sha, sai halin da zuciyarsa take ciki.

Ga dalilin da barci ya zo farko. A wani bincike da aka wallafa a 2003, masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita wa lafiyayyun mutane barci zuwa awa 6 kowane dare har kwana 14. Kullum sakamakon gwajin natsuwarsu ƙara lalacewa yake, har ya kai na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Amma da ake tambayarsu, bayan kwanakin farko sai suka riƙa cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Aiki yana ta lalacewa, mai shi yana ganin ya saba. Ana cewa jiki magayi, to a kan barci ba ya gaya wa mai shi gaskiya. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9.

Alhaji Musa:
Dakta, ina da ja. Duk wanda ya kafa wani abu a duniyar nan sai da ya hana idonsa barci. Idan muka fara gaya wa ma'aikata gajiya ciwo ce, gobe kowane malalaci zai zo mana da takardar likita. Kuma akwai mutanen da awa 4 ko 5 ke isarsu, suna aiki garau. Wanda ya fi daɗewa a bakin aiki shi ya fi samarwa, wannan ba sai an yi bincike ba.

Injiniya Kabiru:
Ranka ya daɗe, wannan ta ƙarshen an bincike ta, kuma ba ta goyi bayanka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi a 2021: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Sun ɗora mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 a kan dogon aiki.

Ta fuskar ingancin aikin kuwa, a wani asibiti a birnin Boston na Amurka an gwada sababbin likitoci a jadawali biyu, ɗaya suna shafe awa 24 ko fiye a bakin aiki, ɗaya an rage zuwa kusan awa 16. A dogon jadawalin, manyan kurakuransu sun ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100. An wallafa wannan a 2004. Ilimin bai canza ba, lokacin barci ne ya canza.

Wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, saurin martaninsa daidai yake da na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini, wanda shi ne iyakar tuƙi a ƙasashe da yawa. Idan an tashi ƙarfe 5 na asuba, ƙarfe 10 na dare an shiga wannan hali. Sai kuma gyangyaɗin daƙiƙu, wanda ido yana iya zama a buɗe amma kai ya ɗauke. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, gyangyaɗin daƙiƙa 4 ya kai mita 111 ba direba. Mai lissafi kuma layi ɗaya zai tsallake, gobe a ɓata rabin yini ana neman inda aka ɓace. Idan ana ƙirga awannin da mutum ya zauna, a cire waɗanda aka kashe wajen gyaran aikinsa.

Dakta Zainab:
Alhaji, masu ɗan barcin nan akwai su. A 2009 masu bincike a San Francisco sun gano canji a wata ƙwayar gado a jikin wata uwa da 'yarta, suna barcin kusan awa 6 ba tare da illa ba. Amma irinsu ƙalilan ne ƙwarai, kuma ba a koyon abin. Mai ganin yana cikinsu ya auna kansa da abu uku. Ranar hutu, idan ba agogo, yana ƙara awa 2 ko fiye? Yana yin barci cikin minti 5 da kwanciya, ko a zaune a taro? Yana iya kai azahar ba tare da kofi ko shayi ba? Wanda ya amsa da e a biyun farko, bashin barci ne a kansa.

Malam Auwal:
Bari in shigo ta ɓangaren abin da ake haɗiya, don a nan mutane suke cutar kansu suna ganin taimako ne.

Tun daga farkawa wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ido nauyi da dare, barci ne kuma yake share shi. Kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, ba ya share shi, wurin da yake kamawa kawai yake toshewa. Da ya sake, abin da ya taru sai ya sauko gaba ɗaya. Kofin kofi yana ɗauke da kusan miligiram 80 zuwa 100 na kafeyin. Iyakar lafiyayyen baligi 400 ce a yini, mai juna biyu 200. A yawancin mutane sai bayan kusan awa 5 rabinsa yake fita daga jini. Wanda ya sha 200 ƙarfe 4 na yamma, ƙarfe 9 na dare da sauran 100 a jikinsa, ƙarfe 2 na dare da sauran 50. Yana iya yin barci, amma mai zurfin ya ragu, sai ya tashi a gajiye, ya ƙara kofi, da dare ya nemi ƙwayar barci. A tsayar da shan kofi kusan awa 8 kafin kwanciya, kuma a rage a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don yanke shi farat ɗaya yana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki.

Magungunan da suka fi dusashe kai a wurin aiki su ne na mura da ƙaiƙayi na tsohon yayi irin su kulofeniramin, da ƙwayoyin barci dangin dayazifam, da kodin da tiramadol. Dayazifam yana wuce yini guda a jiki, wanda ya sha da dare da saurarsa yake zuwa ofis. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya daina kwatsam, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai rage masa mataki-mataki. Sai maganin ciwon kai. Mai shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu kodin kwana 10, maganin da kansa yake komawa yana haddasa ciwon. Masu shan metfomin, maganin ciwon suga, shekaru su riƙa duba bitamin B12, yana rage shi, ƙarancinsa kuma yana kawo mantuwa da jin ƙafa kamar ana tsira mata allura.

Malama Bilkisu:
Dakta, wanda yake kwanciya awa 8 cur amma ya tashi kamar an yi masa duka, ya wuni yana hamma fa?

Dakta Zainab:
Malama, a tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya, shi ya san labarin. Idan akwai minshari mai ƙarfi, sai a ji shiru, sai mutum ya zabura kamar an shaƙe shi, to numfashinsa ne yake tsayawa. Naman maƙogwaro yana saki ya toshe hanyar iska daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya sauka, ƙwaƙwalwa ta tashe shi na ɗan lokaci don ya ja numfashi, da safe bai tuna komai ba. Ana ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 ko fiye mai tsanani. Mai 30 ana katse masa barci duk bayan minti 2. Sauran alamu su ne ciwon kai da bushewar baki da safe, yawan tashi fitsari, kaurin wuya da ya wuce santimita 40, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Gwajin barci ne yake tabbatarwa. Maganin da ya fi aiki shi ne na'urar CPAP mai hura iska ta hanci duk dare, sai rage ƙiba da kwanciya a gefe. Ƙwayar barci da barasa ƙara sakin naman suke yi, su ne mafi munin abin da mai wannan larura zai nema.

Hajiya Rabi:
Dakta Zainab, 'yar uwa, ban yarda a bar maganar zuciya a ƙarshen layi ba. Ciwon damuwa a wurin aiki ba da kuka yake zuwa ba. Da jinkiri yake zuwa, da kasa yanke shawara a kan ƙaramin abu, da tara takardu ba a taɓa ba, da farkawa ƙarfe 3 na dare barci ya ƙi dawowa. Mutum yana sanye tsaf yana gaisawa da kowa, a ce lalaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda damuwa da fargaba, abin da ya kai dala tiriliyan 1. Akwai takardar tambayoyi 9 mai suna PHQ-9, ana cika ta cikin 'yan mintuna, makinta daga 0 zuwa 27. Wanda ya samu 10 ko fiye yana bukatar ganin ƙwararre. Tambaya ta 9 a kan tunanin cutar da kai ce, wanda ya amsa da e, ranar za a gan shi, ba a jira. Ana ɗaukar damuwa ciwo ce idan ta kai mako 2 kusan kullum. Magani kuma yana ɗaukar mako 2 zuwa 6 kafin a ji bambanci, a nan ne da yawa suke yar da shi su ce bai yi ba.

A bambanta shi da ƙonewar da aiki ke yi wa mutum. A 2019 hukumar ta bayyana wannan da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, ƙin aikin da nesanta zuciya da shi, da raguwar iyawa. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce abu ne da wurin aiki ke haifarwa. Mai shi yakan farfaɗo idan ya yi nesa da ofis, mai ciwon damuwa kuwa har gida da wurin biki abin yake bin sa.

Nan ne nake so shugabanni su saurara. Yawan aiki shi kaɗai ba shi ne ya fi cin mutum ba. Tun 1979 wani mai bincike, Robert Karasek, ya nuna cewa mafi muni shi ne a ɗora maka nauyi mai yawa a hana ka ta cewa a kan yadda za ka yi shi. Binciken Whitehall na ma'aikatan gwamnatin Ingila ma ya samu ƙananan ma'aikata sun fi manya ciwon zuciya, kuma rashin iko a kan aiki yana cikin dalilan. Ba adalci ba ne a tura mutum ya gyara barcinsa alhali shugabansa yana kiran wayarsa ƙarfe 11 na dare.

Dakta Zainab:
Hajiya, duka a zama ɗaya ake yi, jerin ba na fifiko ba ne. Ina dai so a ɗebi jini kafin a sa wa abin suna, don ƙarancin jini da raunin ƙaluluwar tayroyid ta wuya suna kwaikwayon ciwon damuwa sak. Gwaje-gwajen su ne ƙirgen jini gaba ɗaya, feritin don ganin ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, TSH na tayroyid, B12, aikin ƙoda, da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na kusan wata 3. Daga 5.7 zuwa 6.4 ana bakin ƙofa, 6.5 ko fiye ciwon suga ne. Mata masu zubar jini da yawa a al'ada feritin ɗinsu yakan faɗi tun kafin ƙirgen jini ya nuna komai, suna fama da kasala ana ce musu sakamako lafiya lau.

Malam Nasiru:
Allah ya saka. Amma shugaba ba likita ba ne, kuma bai da hurumin tambayar mutum ciwonsa. A aikace me zai yi?

Hajiya Rabi:
Ya kira shi su biyu, ba a gaban jama'a ba. Ya faɗi abin da ya gani da kwanan wata: rahoto kaza ya makara, lissafi kaza an samu kuskure, a da ba haka kake ba. Kada ya ce ina ganin kana da damuwa, wannan ba nasa ba ne. Ya tambaya ko akwai abin da ya canza, ya yi shiru ya saurara. Ya ba shi lokacin zuwa asibiti cikin awannin aiki. Abin da likita zai aiko wa ofis shi ne ko mutum zai iya aiki da irin sauƙin da yake bukata, sunan ciwon sirrinsa ne. Sai a yi yarjejeniya a rubuce ta mako 4 zuwa 8: a rage masa ayyuka zuwa biyu ko uku mafi muhimmanci, a cire shi daga aikin dare, wani ya riƙa duba abin da kuskure a cikinsa ke da tsada, a sa ranar sake zama. Alhaji, wannan ya amsa tsoronka. Idan an bincika ba a samu komai ba, an yi sauƙi bai canza ba, ga rubutacciyar hujja, sai a bi hanyar ladabtarwa. Malalaci ba ya jure wa wannan tsari, mai larura kuwa da shi yake dawowa.

Injiniya Kabiru:
Masu tsara aikin karɓa-karɓa kuma, ga nasu. A juya jadawali gaba, safe zuwa yamma zuwa dare, don jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi a kan gaggauta shi. Kada a jera dare fiye da 2 ko 3. Alƙaluman masana'antu sun nuna haɗari a dare na huɗu ya ɗara na daren farko da kusan kashi 36 cikin 100. A bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa, haka dokar Tarayyar Turai ta tanada. Aiki mai haɗari kada a sa shi tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, lokacin ne jiki ya fi yin ƙasa. A halatta ɗan barcin minti 20 a tsakiyar dare. Idan ya zarce minti 30 an shiga mai zurfi, za a tashi da jiri, don haka ko mai minti 20 ya ba da kusan kwata kafin ya taɓa inji. Wanda ya tashi aikin dare ya duhunta ɗaki sosai, ya kashe waya, kuma idan yana hamma ido yana rufewa kada ya tuƙa kansa gida.

Ƙara ma tana ciki. Iyakar ita ce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 ana raba lokacin biyu. Wanda jinsa ya ragu yana kashe hankalinsa wajen kamo kalmomi a taro, ba ya rage na fahimtar su, sai a ce ba ya ganewa.

Malama Bilkisu:
Ko lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana da iyaka, kuma yadda ake aiki yanzu ba ya girmama iyakar. Abin da mutum zai riƙe a kai lokaci ɗaya kusan guda 4 ne. Abin da ake kira yin aiki biyu tare, tsalle ne tsakaninsu, kuma duk tsalle wani ɓangare na hankali yana maƙalewa a wanda aka baro. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta auna ma'aikata a gaban kwamfuta, ta samu matsakaicin zamansu a kan abu ɗaya kafin su sauya daƙiƙa 47 ne.

Gyaran ba wuya. A ware minti 60 zuwa 90 don aiki mai nauyi a lokacin da kai ya fi washewa, waya tana wani ɗaki, ba a kife a kan tebur ba. A tara saƙonni a duba sau biyu ko uku a yini. Idan dole aka katse ka, rubuta layi ɗaya: na tsaya a nan, abu na gaba kaza. Aikin da ake maimaitawa a yi masa jerin dubawa a takarda. Jerin abu 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada a ɗakunan tiyata na asibitoci 8 ya zo da raguwar mace-mace daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Ƙwararrun likitoci ne, takarda ta riƙe musu abin da kai ke saki.

Wasannin waya da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa kuwa, a 2010 an gwada su a kan mutum fiye da 11,000 na mako 6 a Ingila. Sun ƙware a wasan, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wani aiki ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa masu irin wannan wasa mai suna Lumosity biyan dala miliyan 2 saboda tallar da ba hujja. Mai son ƙwarewa ya koyi aikin kansa, yana rufe littafi yana gwada tunawa, yana rarraba bitar a kwanaki.

Alhaji Musa:
To, na ji, kuma maganar Hajiya ta rubutacciyar yarjejeniya ta kwanta mini. Amma Dakta, tsakani da Allah, wannan duk yana kai mutum ga muƙami? Ga masu hawan jini da rashin barci nan birjik a saman kujeru.

Dakta Zainab:
Alhaji, barci ba ya ba da muƙami. Ilimi, dama, da mutanen da ka sani duk suna da nasu. Abin da lafiyar ƙwaƙwalwa take yi shi ne ta bar mutum ya yi amfani da abin da ya tara, kuma ya daɗe yana yi. Aikin manya yawanci yanke shawara ne da haƙuri da mutane, su ne kuma sashen goshin nan yake ɗauke da su. Saurin tunani yana fara raguwa tun mutum yana matashi, amma sani da gogewa suna ƙaruwa har shekaru 60 da 'yan kai. Abin baƙin ciki shi ne lokacin da gogewar ta nuna, tsakanin 45 da 60, lokacin ne hawan jinin da aka yi sakaci da shi yake fara karɓar bashinsa. Yana taurara ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da can cikin ƙwaƙwalwa, ba ciwo ba alama, sai dai a ga mutum ya yi sanyi wajen tsara abu. Kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. A wani babban gwaji a Amurka mai suna SPRINT MIND, mutum fiye da 9,000 'yan shekara 50 zuwa sama, waɗanda aka sauke wa lambar sama ta awon hawan jini zuwa ƙasa da 120 sun samu raguwar fara raunin tunani da kashi 19 cikin 100 a kan waɗanda aka tsaya a ƙasa da 140. Wannan da kulawar likita ne, kada kowa ya ƙara wa kansa ƙwaya.

Yadda ake awon hawan jini a gida: a zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba kofi ba taba minti 30 kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7. A jefar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin sauran. Idan ya kai 135 bisa 85, a je asibiti da takardar. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba. A wani gwaji na 2011, dattawan da suka yi tafiyar minti 40 sau 3 a mako tsawon shekara, sashen ƙwaƙwalwarsu mai ajiye sababbin abubuwa ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, a shekarun da ya saba raguwa. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, raunin ji, taba, suga da damuwa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa.

Malam Nasiru:
Dakta, akwai alamar da ba za a jira wannan tsari na makonni ba?

Dakta Zainab:
Akwai. Na farko alamun shanyewar ɓarin jiki: idan ana zaune baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke, ko ciwon kai mafi tsanani ya sauko farat ɗaya, a duba agogo a rubuta lokacin, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga farawa, kuma kowane minti ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9. Ko alamar ta wuce cikin minti 10 mutum ya ce ya warke, ranar zai je, don kwanakin farko bayan irin wannan su ne mafi haɗari. Sai kuma waɗanda ba na gaggawar minti ba amma na ganin likitan ƙwaƙwalwa cikin kwanaki: ɓata a hanyar da aka saba, maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, kasa aikin da aka shekara ana yi, ko canjin hali da iyali suka fara lura da shi.

Malam Auwal:
Ƙari a kan ta farkon: kada a ba shi asfirin kafin hoto, don idan jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi. Kada a ɗura masa ruwa ko wani abu a baki, haɗiya takan lalace ya tafi huhu. Kada a ba shi maganin hawan jini don a sauke lambar. Idan yana amai ko hankalinsa ya gushe a kwantar da shi a gefe. Wanda zai raka shi ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, musamman idan akwai mai tsinka jini irin su wafarin, don likita sai ya san wannan kafin ya yanke shawarar allurar.